Amsar Baba Sakatare kan maganar kuɗin tallafin rijiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Na saurari muryar da ɗana ya turo tun la'asar, yana tambaya ko ƙungiyar ci gaban garinmu za ta iya samun tallafi mu haƙa rijiyar burtsatse a unguwar gabas, kuma ko a cike fom ɗin nan da ake ta yaɗawa a waya. To ɗana, fom ɗin nan ka bar shi. Duk wanda ya ce ka sa lambar BVN ko ka tura kuɗin rajista kafin a ba gari tallafi, ɓarawo ne. Na gama da wannan.

Amma na gane inda ka dosa. So kake ka ji ko akwai inda za a ba mu kuɗi ba sai an sake bi gida-gida ana karo-karo ba, don mutane sun gaji. Wallahi na san sun gaji. Sai dai ni a iya shekarun da na yi ina riƙe da littafin kwamiti, ban taɓa ganin irin wannan ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku da kuka girma kun tuna CSDP, shirin nan na Bankin Duniya da aka fara a 2009, aka rufe a 2021. Tsarinsa a fili yake. Gari ne zai zauna ya faɗi abin da yake so, ruwa ne, ajujuwa ne, ɗakin shan magani ne ko kwalbati. Gari ne zai zaɓi kwamitinsa, wanda suke kira CPMC, kuma dole da mata a ciki. A buɗe asusu a banki da sunan aikin. Sannan gari ya kawo kashi 10 cikin 100, su kawo 90. Kuma kashi goman nan ba lallai tsabar kuɗi ba, ana lissafa yashi da tsakuwa da aikin ƙarfi. Mu da amalanke muka kwaso yashi daga rafi, samari suka yi gayya kwana uku. Kuɗin kuma kashi-kashi ake sakinsa, sai ka nuna rasit da aikin da ka yi da na farko kafin ka ga na biyu. Akwai daren da na kwana ina neman rasit ɗin buhun siminti shida, ashe yana cikin aljihun rigar birkila, an jiƙa ta za a wanke. A kan murfin tukunya muka shanya shi.

Kuma ku daina cewa kuɗin Turawa ne. A wurinmu kyauta ne, e, amma a kan Najeriya bashi ne, jikokinmu za su biya.

To, mun samu a 2011... a'a, astagfirullah, 2012 ne, shekarar da aka yi ambaliyar nan. Aka haƙa, aka kafa famfon tuƙa-tuƙa, ruwa ya fito garai-garai. Nan ne abin da har yau yake ci mini rai. Masu auna ƙasa sun nuna wuri kusa da makarantar firamare. Wani babba a garin nan, ba zan kama suna ba, duk kun san shi, ya ce sai dai a ƙofar gidansa. Mata a taron suka ce su ne masu ɗiban ruwan, kusa da makaranta ya fi musu sauƙi. Aka ce su yi shiru manya na magana. Ni ina zaune da biro a hannu, na rubuta abin da aka yanke, ban ce uffan ba, kuma wannan shirun nawa bai bar ni ba har yanzu. Aka kai famfo ƙofar gidan. Shekara ba ta zagayo ba ya zama kamar nasa, yaransa ke sa kwaɗo da magariba.

Sannan muka yi yarjejeniya kowace jarka naira biyar, a riƙa tarawa don gyara. Wata biyu aka yi ana biya. Daga nan sai aka fara cewa ai ruwan gwamnati ne, don me za mu saya? Ranar da roba ta cinye, sarƙa ta tsinke, aka kira mai gyara daga hedikwatar ƙaramar hukuma, babu ko kuɗin man babur ɗinsa a asusu. Kuɗin gyaran bai kai kuɗin tunkiya ba a lokacin. Famfon ya yi wata goma sha ɗaya a tsaye, awaki na kwana a kan dakalinsa, 'ya'yanmu mata suka koma rafi da asuba, wasu ma makarantar suka daina zuwa. Ni da idona na ga jikata ta dawo da bokiti a ka, ruwan ja kamar kunun kanwa. Kuma mutumin nan ko sau ɗaya bai... to, bari dai in bar wannan, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

Ina nake? Yawwa, inda za a nema. Bayan CSDP an kawo NG-CARES a 2021, shi ma shirin tallafi ne na Bankin Duniya, kuma hukumar jiha da ta riƙe wancan ita aka ba ɓangaren ƙananan ayyukan ƙauyuka. Sai a tashi mutum biyu su je ofishinsu da ƙafarsu, a bi ta sashen raya al'umma na ƙaramar hukuma. Ofishin jakadancin Japan a Abuja ma yana da tallafin ƙananan ayyuka irin su ruwa da ajujuwa da asibiti, amma ƙungiya mai rajista suke ba, ba mutum ɗaya ba, kuma za su nemi ganin lissafin kuɗinta na baya. Mu kuwa takardar rajistarmu tun yaushe rabon da a sabunta ta? Ma'aji, kana ji na, ka duba mana gobe.

Kuma da na ji ana cewa a nemi mai sola da tanki, ban ƙi ba, ya fi sauƙi ga tsofaffi. Amma in sumo, wato injin da ke cikin rijiyar yana turo ruwa, ya ƙone, wa zai saya? Wa zai kwana yana gadin farantan? A amsa mini wannan tukuna.

Saboda haka ɗana, ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar dagaci, ku matasa ku zo da jerin gidajen unguwar gabas da abin da kowane gida zai iya bayarwa duk wata. A kira mata, kuma wannan karon su za su nuna wurin, ni zan fara tashi in faɗi haka a gaban kowa. Tsohon littafin yana nan a akwatina, da rasit ɗin simintin a ciki, zan zo da shi ku gani. Wassalamu alaikum.