Tambaya da Amsa: Baƙin Dutse Mai Nauyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayen kuza a Bukuru. An kawo mini wani dutse mai nauyi daga wajen Wase, wani ya ce wulfram ne, wani ya ce dalma ce. Yaya zan bambance?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, sunan Wase kaɗai ya ba ka rabin amsa. Kuza da kolumbait da wulfram, wato dutsen da ake fitar da ƙarfen tungstan, 'yan gida ɗaya ne, suna bin duwatsun giranit irin na Jos da Rishi da Riruwai. Dalma da tutiya kuwa a kwarin Binuwai suke, cikin jijiyoyin da suka ratsa duwatsun laka da teku ya bari sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, tun daga Abakaliki har Zurak ta ƙaramar hukumar Wase.

Nauyi ba zai raba maka gardama ba, kuma nan ne masu saye suke faɗawa. Dutsen dalma da wulfram da kuza duk sun ninka ruwa nauyi kusan sau 7, shi ya sa suke kwanciya tare a gindin ƙwarya wajen wanki. Dutsen tutiya ne mai sauƙi, kusan sau 4.

Ka fasa ɗan guntu da guduma. Dutsen dalma, wanda shi ne tozalin da ake daka kwalli da shi, yana tsagewa gida-gida mai kusurwa huɗu kamar sukarin kwali, yana walƙiya kamar azurfa, wuƙa na karce shi ba wuya. Wulfram tsagewar faifai yake yi, ta fuska ɗaya. Sai ka goga a bayan tayil, inda babu santsi: dalma za ta bar layin toka-toka, wulfram ja-ja mai duhu zuwa baƙi, kuza kusan fari, tutiya ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya, har da ɗan warin farar wuta. Ka tabbata fuskar da ka goga sabuwar fasawa ce, tsatsar bayan dutse tana ruɗin ido. Maganaɗisun lasifika kuwa kada ka dogara da shi. Janyo wulfram sai injin maganaɗisu mai ƙarfi irin na masu tace kuza a Jos.

In dutsen dalma ne, tsantsarsa na ɗauke da dalma kusan kashi 86 cikin 100, amma buhun da aka cakuɗa da tutiya da farin dutse ba ya kai haka, don haka a gwada a ɗakin gwaji kafin a yi ciniki.

Kada a niƙa shi a busasshe, kada a kai shi cikin gida. Ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. A jiƙa kafin a fasa, a wanke hannu kafin cin abinci, kayan aiki kuma su kwana a wurin aiki.