Takalmin Kipchoge, gwanjo da agogon GPS: amsoshin wannan makon

Malam, wata biyar ke nan ina gudun kilomita biyar sau uku a mako, kuma ina so in shiga na kilomita goma a gasar Legas a Fabrairu. Duk bidiyon da na buɗe a YouTube sai yabon takalmi mai farantin kabon. Na tara kuɗinsa, in saya? (Daga Kaduna)

Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ba wai takalmin ƙarya ba ne. Tun da Nike ta fito da takalmin Vaporfly a 2017, gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Sirrin yana cikin soson ƙasan takalmin, mara nauyi mai dawo da ƙarfi, da farantin da aka cusa a tsakiya don ya riƙe shi. Da ƙaninsa Alphafly ɗan gudun Kenya Eliud Kipchoge ya cinye kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, har hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak.

Amma su wa aka gwada? Ƙwararru masu tsananin sauri. Kai da kake kilomita goma sha biyar a mako, ƙarin rana ɗaya ta atisaye zai rage maka lokaci fiye da abin da faranti zai rage. Ga tsada, dala 250 zuwa sama. Ga rashin ƙarko: wanda 'yar gudun Habasha Tigst Assefa ta sa a Berlin a 2023, na Adidas, dala 500 ne a lokacin, kuma don gasa ɗaya aka ƙera shi. Sannan tudu gare shi, diddigen kuma siriri. A kan kwalta mai santsi ba laifi, amma a titinmu mai ramuka da tsakuwa, targaɗe ba ya nisa.

Masu bidiyon nan kuwa, da yawansu kyauta kamfanoni ke aiko musu da takalman, wasu kuma suna da la'ada a duk cinikin da aka yi ta hanyarsu. Mai talla ba ya kushe hajarsa. Kalle su don ka san abin da ke kasuwa, kada ka ɗauke su malamai.

Nemi takalmin atisaye na yau da kullum, irin su Nike Pegasus ko Asics Cumulus. Je ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Irinsa yakan kai kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya mutu, wato a lissafinka wata takwas zuwa shekara. Af, kada wani ya kawo maka zancen ɗan gudun Habasha Abebe Bikila da ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, amma a Tokyo a 1964 da takalminsa ya sake ci.

Kuɗina ba su kai na sabo na asali ba. Gwanjo ko sabo mai araha? (Daga Kano)

Gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Na taɓa sayen jabu a wani shago, tambari raɗau, kwali da komai, sati uku ƙasan ya kwanta kamar silifas, ƙaurina ya yi ta ciwo. Jabu fuska kawai ake kwaikwayo, soson ba a iya kwaikwayonsa da araha.

Sai dai gwanjo na buƙatar ido. In ka shiga Ƙofar Wambai kada tsabtar saman takalmi ta ruɗe ka, wanki ne. Juya shi. In zanen ƙasan ya shafe a diddige ko ya cinye gefe ɗaya, ajiye. Danna soson da yatsa daga ciki da waje: mai rai yana dawowa, matacce ya taurare kuma gefensa duk tamoji. Ɗora ƙafa biyun a kan benci ka duba ta baya, in ɗaya ya karkace to ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kai ma haka zai karkatar da kai. Ɗaga harshen takalmin ka karanta takardar ciki, wasu kamfanoni suna buga lokacin ƙira a wurin. Wanda ya daɗe ajiye, ko ba a taka shi sosai ba, gam ɗinsa yakan saki. Kuma ka sa shi ka ɗan yi sassarfa a gaban mai kaya. In ya hana, ga maƙwabcinsa.

Yaya, ni da ƙawayena muna fita bayan asuba. Sai na sayi agogon Garmin ne zan san nisan da na yi? (Daga Jos)

A'a, 'yar'uwa. Wayarki tana da GPS, manhajar Strava kuma kyauta take auna nisa da lokaci. Agogo na da amfani in kin fara shirin doguwar gasa kina son ganin saurinki ba tare da ciro waya ba. Kafin nan, in kina iya hira da ƙawarki kuna gudu, saurin ya yi daidai.

Abin da ya fi damuna shi ne taswira. Strava tana iya nuna inda kika fara da inda kika tsaya, galibi ƙofar gida ke nan, da lokacin da kike fita kullum. A 2018 taswirar manhajar ta tona wuraren sansanonin soja saboda sojoji na gudu da ita. Shiga saitin sirri ki ɓoye farko da ƙarshen hanyarki, ki taƙaita masu ganin gudunki ga waɗanda kika sani. Ku kuma da kuke Jos, tudun da 'yan gudu ke zuwa nema don atisaye kuna da shi a gida, ba banza 'yan Pankshin suka yi suna a dogon gudu ba.

Ƙananan ledojin zaƙin nan da ƙwararru ke tsotsa a hanya, dole ne?

In gudunka bai wuce awa ɗaya ba, ruwa ya isa. In ya zarce, jiki na son sukari kamar giram 30 zuwa 60 a kowace awa, kuma bai damu da ledar da ya fito ba. Dabino na yin aikin. Cire ƙwallon tun a gida, ƙulla a leda, ka riƙa cin biyu ko uku duk rabin awa kana kora ruwa. Gwada shi a atisaye kafin ranar gasa, don wani cikin ba ya karɓar abinci ana gudu.