Layi ya fito a kwalbar da ban sa RT ba, in yanke shi daga hoton?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a nan Kano. Na ciro RNA daga jini da sinadarin TRIzol, na haɗa cDNA (kwafin RNA ɗin a siffar DNA), na yi PCR (hanyar ninka DNA) na ƙwayar gadon GAPDH. Layi ya fito sarai a jel, amma har a kwalbar da ban sa enzayim ɗin RT mai mai da RNA zuwa cDNA ba, inda bai kamata a ga komai ba. Wani a lab ɗinmu ya ce tunda NanoDrop, na'urar auna tsaftar RNA, ya ba ni 2.0, in yanke wannan layin daga hoton kawai. Ranar kare bincikena ta matso, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki yanke komai. Fara duba kwalbar da ruwa zalla kika sa a madadin samfur. In ita ma ta yi layi, kayan aikinki ne suka gurɓata. In fes take, to DNA na ƙwayoyin jinin ne ya biyo RNA ɗinki, shi PCR ke kwafa.

Wannan magana ta 2.0 ta ishe ni, kullum sai na ji ta. NanoDrop hasken da samfur ya shanye a tsawon zango 260 nm yake aunawa, kuma RNA da DNA duk a nan suke shanyewa. In aka raba abin da aka auna a 260 da na 280, DNA zalla kusan 1.8 yake bayarwa, RNA zalla kusan 2.0. Ɗan ɓurɓushin DNA ba ya motsa wannan lamba, amma zagaye 35 na PCR zai mai da shi layi ɓaro-ɓaro. Ko RNA ɗin da ya rududduge saboda firiza ta kwana ba wuta zai iya ba ki 2.0. Wasu ma cDNA ɗin suke ɗigawa a na'urar su rubuta lamba, alhali ragowar dNTP (tubalan gina DNA) da firaima (gajerun DNA da ake fara kwafi daga kansu) da RNA suka auna. Kuma kada a ruɗe ki da cewa firaimarki ta tsallake intiron (ɓangaren DNA da ake yankewa daga RNA), don haka wai ba za ta kwafi DNA ba: GAPDH na da matattun kwafe-kwafe marasa intiron a jikin DNA na ɗan Adam. Mai cewa ki yanke hoto, ƙirƙirar sakamako yake koya miki, kuma ranar da mai jarrabawa ya tambaya ba ya wurin.

Koma kan RNA ɗin. Sa masa DNase I, enzayim mai narkar da DNA, a digiri 37 na minti 30, sannan ki zuba sinadarin EDTA mai tsayar da shi kafin ki ɗumama shi a 65 na minti 10, in ba haka ba zafin zai karya RNA. Duba shi a jel ki ga layukan 28S da 18S, alamar RNA bai rududduge ba. In sabo za ki ciro, kada bakin fifet (abin zuƙar ruwa) ya taɓa farin nan na tsakiya bayan haɗin TRIzol ya rabu hawa-hawa, nan DNA yake taruwa.

Da zafin Kano da yawan ɗauke wuta, ranar da kika ciro RNA ki mai da shi cDNA, ki rarraba ƙanana-ƙanana ki ajiye a digiri -20. Kada cDNA ya wuce kashi ɗaya cikin 10 na haɗin PCR. Maimaita kwalaben duka uku (mai RT, marar RT da ta ruwa zalla), ki kai wa malaminki hoton yadda ya fito.