Salansar bindiga a Amurka: ta .22 ko ta fistol?

Yaya, barka da warhaka. Tambayarka kan hoton da ka gani na 'yan uwanmu a filin harbi a Texas, da wani bututu a bakin bindigarsu, wato ko mene ne wannan bututun, tambaya ce da mutanen gida ke yawan yi. Sai su ɗauka kayan makasa ne irin na fim. A nan abin saye ne a shago da takardun gwamnati, kuma masu sayensa galibi kunnensu suke karewa.

Mu salansa muke ce masa, kamar ta babur, kuma sunan ya dace, don Hiram Percy Maxim da ya yi rajistar ƙirarsa a 1909 ya ƙera salansar injin ma. Aikin iri ɗaya ne. Bututu ne da aka jera kofuna a cikinsa, kowane da huji a tsakiya. Harsashi ya wuce ta hujin, iskar albarushi mai zafi kuma ta tsaya tana kewaya ɗakunan, ta huce, sannan ta fita a hankali. Ba ya kashe ƙara. Fistol mai harsashi mai faɗin milimita 9 tana kai kimanin desibel 160 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma daga 140 ake lissafin cewa harbi ɗaya na iya yi wa kunne lahani na dindindin. Salansa takan rage tsakanin 20 zuwa 35. Wato bayan an sa ta, maƙwabci zai ji sarai an yi harbi.

Dokar da ke kanta ta 1934 ce, hukumar ATF ta gwamnatin tarayya mai kula da harkar bindigogi ke riƙe da ita. Mai saye a shago sai ya kai shekara 21, ya cike fom na 4, ya ba da hoto da zanen yatsu, a bincike shi, kuma kayan na zaune a shagon har izini ya fito. Harajin dala 200 da aka shekara casa'in ana biya an mayar da shi sifiri daga farkon 2026, amma rajistar tana nan. Jihohi 42 sun yarda da ita. New York, New Jersey, Illinois da California ba sa ciki, shi ya sa 'yan uwanmu na Bronx da Chicago ba ruwansu da wannan zance. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ne ke shiga harkar ba matsala. Ɗalibi ko baƙo mai biza, doka ta takura masa sosai. Kada ma wani ya ce a saƙo masa ita cikin kaya zuwa Kano. Laifi ne babba a nan, laifi ne a can.

To, wanda ya cika sharuɗɗa, wacce zai fara saye? Iri biyu ne ke gaban mai harbin nishaɗi.

Ta farko ta harsashin .22 ce, ɗan ƙarami da ke tashi idan allura ta bugi gefen gindinsa. Albarushinsa kaɗan ne, don haka salansarsa siririya ce: faɗin inci ɗaya, tsawon inci biyar zuwa shida, nauyi kamar giram 120 zuwa 190. Kuɗinta wajen dala 300 zuwa 500. Ita ce kaɗai ke yin shirun da mutum ke tsammani. A kan doguwar bindiga da ake ɗana wa harsashi da hannu, ƙarar takan sauko wajen desibel 115, har ka fi jin faɗuwar harsashi a kan farantin ƙarfe. Amma da sharaɗi: harsashin kada ya fi sauti gudu. Sauti na tafiyar ƙafa 1,125 a daƙiƙa, kusan mita 340. Duk harsashin da ya zarce haka yana tsarga iska kamar bulala, kuma babu salansar da ke maganin wannan. Shi ya sa ake neman harsashi irin CCI Standard Velocity, mai gudun ƙafa 1,070. A gajeren bututun fistol kamar Ruger Mark IV, ko harsashi mai sauri ma yawanci ba ya kai gudun sauti.

Aibinta ƙazanta. Harsashin .22 dalma ce tsirara da aka shafa wa kakin zuma ko makamancinsa, kuma kowane harbi yana barin dalma da baƙin hayaƙi a jikin kofuna. Idan aka yi sakaci sai su manne su zama dunƙule ɗaya, a rasa yadda za a zaro su. Don haka kada a sayi wadda ba ta kwancuwa. A buɗe ta a wanke duk bayan harbi 500 zuwa 1,000. Kofunan ƙarfe mara tsatsa, irin na samfurin salansar da ake kira Dead Air Mask, sun fi na alminiyom nauyi amma suna jure kankara da injin wanki mai girgiza ruwa, alminiyom kuwa wannan injin yana cin sa. Akwai masu jiƙa kofuna a haɗin ruwan khal da ruwan wanke ciwo mai kumfa. Yana narkar da dalmar, gaskiya ne, sai dai ruwan da ya rage guba ce, ba a taɓa shi da hannu, ba a zuba shi a kwata. Gara a haƙura da burushi da safar hannu.

Ta biyu ta fistol ce, milimita 9 ko .45. Ta fi kauri da tsawo, inci bakwai zuwa takwas, nauyinta ya ninka na waccan, kuɗinta wajen dala 600 zuwa 900. Ƙararta na tsayawa tsakanin desibel 125 da 135, wanda har yanzu sai an toshe kunne idan za a daɗe ana harbi, musamman a fili mai rufi. A milimita 9 sai an nemi harsashi mai nauyin giren 147 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi). Masu 115 sun fi sauti gudu. Na .45 mai giren 230 dama can a hankali yake tafiya.

Kashe kuɗin bai tsaya a nan ba. Yawancin fistol, irin su Glock, bututunsu yana ɗan sunkuyawa baya bayan harbi kafin ya ɗauko sabon harsashi. Rataya masa nauyi a baki na hana shi wannan motsi, sai bindiga ta riƙa cijewa. Maganinsa wani fistin ne mai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo, da ke gindin salansar, wanda ke sakin nauyin na ɗan ƙiftawa. Idan kuma za a mayar da ita kan doguwar bindiga mai kafaffen bututu, sai a cire sifirin a sa zobe a gurbinsa, in ba haka ba tana dukan zaren bakin bututun, inda ake murɗa ta, har ya lalace. Ga sayen bututu mai zaren murɗawa, ga dogayen saiti domin kaurin salansar na tare ido. Hayaƙi ma yakan dawo fuska, tabarau dole ne.

Wurin da mutane ke jin ciwo shi ne zaren. Na .22 da na yawancin milimita 9 a Amurka ma'auninsu ɗaya ne, faɗin rabin inci mai zare 28 a kowane inci. Salansar .22 za ta hau bututun milimita 9 lafiya lau, harbi ɗaya kuma zai tarwatsa ta, don hujin ya yi wa harsashin kaɗan. Akasin haka ba haɗari: ta milimita 9 na ɗaukar .22, shi ya sa wasu ke cewa su sayi guda ta yi musu duka. Ban ga dabara a ciki ba. Ta yi wa ƙaramar bindiga nauyi, dalma za ta cika ta, kuma wasu samfuran a like suke ba sa buɗuwa. Bututun Turai kuma sau da yawa zarensa na hagu ne, M13.5, sai an duba kafin a sayi fistin. Sannan salansa na kwancewa da kanta yayin harbi. Idan ta karkace, harsashi ya dangwali kofi. A riƙa duba ta bayan kowane harbi ashirin ko talatin, bayan an sauke harsashi, da safar hannu, don ta fistol tana ƙona fata.

Mai zuwa fili ran Asabar don harbin kwali da gwangwani, ko koya wa matashi riƙon bindiga ba tare da firgita ba, ta .22 ce tasa. Harsashinta ma bai kai rabin kuɗin milimita 9 ba. Ta fistol sai wanda dama milimita 9 yake yawan harbawa, ya fi dacewa ma idan doguwar bindiga ce mai cin wannan harsashi, inda nauyin ba ya damun hannu kuma babu batun fistin.

A gaida su Inna da yara.