Ga mai tambaya kan tundurmi da doxycycline

Ƴar'uwa, na ga kin rubuta cewa an tabbatar miki tsutsar tundurmi ce, amma likita ya ba ki doxycycline, maganin da kika sani na ƙwayoyin cuta, shi ya sa kike tsoron ko ya ruɗe ne. Bai ruɗe ba. Don Allah ki sha. Ni ma shi na sha, sai dai ban same shi ba sai da aka gama wulaƙanta ƙafata.

Dangin mijina suka dage sammu ne, har suka ɗora wa kishiyata, baiwar Allah da ba ruwanta. Aka kai ni wajen wani mai magani a hanyar Madarunfa, ya sa aka danne ni, ya yi mini tsaga da reza daga idon sawu zuwa gwiwa, ya cusa wani baƙin gari. A daren nan zazzaɓi ya rufe ni, ƙafa ta yi ja jawur, ruwa na tsatsowa yana jiƙa tabarma. Da aka koma masa sai ya ce ai mugun abin ne ke fita, a ƙaro akuya. Akuyata ta aure! Har yau in na ga tabon nan raina ɓaci yake, kuma cikin waɗanda suka kai ni ba wanda ya taɓa cewa Allah ya ba ki haƙuri. Kishiyar da suka zarga ita ta riƙa wanke mini ciwon.

To, ga yadda ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya fahimtar da ni. Tsutsar ba ita kaɗai take zaune ba. A cikin jikinta akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia, in babu ita tsutsar ba ta iya haihuwa, a hankali ma sai ta mutu. Doxycycline wannan ƙwayar yake kashewa, shi ya sa ake shansa mako 4 zuwa 6, ba kwana uku ki ajiye ba. Mectizan da albendazole da ake rabawa gida-gida ƴaƴan tsutsar da ke yawo a jini suka fi kashewa, uwar kuwa tana iya shekara 6 zuwa 8 kwance a jijiyoyin ruwan jiki tana zuba ƙanana.

Kada ki haɗa doxycycline da fura da nono, nono yana hana shi shiga jiki sosai, ki ba da tazara. Ruwa da yawa, kuma ba a sha a kwanta nan take. In da ciki gare ki ki faɗa wa likita yau yau, ba a ba mai ciki, ba a ba yaro ƙasa da shekara 8.

Sauro ne ya kawo mana, irin mai kawo masassara, kuma ƴaƴan tsutsar da dare suke fitowa cikin jini, shi ya sa ake ɗibar jinin gwaji bayan ƙarfe goma na dare.     Ki dai kwana a gidan sauro, ko don yaranki.

Kar in ruɗe ki, magani ba zai mayar da ƙafar yadda take a da ba in kumburin ya jima. Abin da ya rage mini zazzaɓin nan shi ne sabulu da ruwa kullum, a tsane tsakanin yatsu da kyau, a ɗora ƙafa bisa matashi da dare, takalmi mai laushi ko a tsakar gida. Wanda ya zo miki da reza ko ƙaho, ko wane ne shi a gidan, ki ce a'a. In maigidanki na ɓoye gwaiwa, mai yiwuwa tsutsar nan ce ta jawo ta, kuma ita gwaiwa ana yi mata aiki a asibiti.