Amsa ga ƙanenmu da ya yi tambaya kan ambaton bangaskiya a takardar neman aiki

Salama gare ka, ƙanena. Sau biyu na karanta tambayarka kafin in iya rubuta komai, domin abin da kake tambaya, wato ko ya dace ka rubuta a CV ɗinka cewa kai Kirista ne, shugaban matasa a ikilisiyarku, kuma ba ka son aiki ranar Lahadi, shi ne abin da ya taɓa jawo mini kunyar da har yau ban gama haɗiye ta ba.

Lokacin da ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa, a arewacin Kamaru, bayan an buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, ni ma na haɗa dosiyena, wato takardun neman aiki, na kai wa ɗaya daga cikinsu, ina neman aikin mataimakin akanta. A saman wasiƙar neman aikin na rubuta aya daga Kolosiyawa, wadda ke cewa mu yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar Ubangiji muke yi wa, a ƙasa kuma na kira kaina mai tsoron Allah, mai gaskiya, mai riƙon amana. Na tashi daga Garwa tun da asuba da kuɗin motar da na ranta wurin yayata. Mutum uku ne suka zauna yi mini tambayoyi, kuma wanda ya ci mini fuska ba Musulmi ba ne, Kirista ne ɗan'uwanmu, har na san majami'ar da yake zuwa. Ya ɗaga takardata sama, ya karanta ayar da ƙarfi yana kwaikwayon muryar mai wa'azi, sannan ya tambaye ni ko lissafi na zo yi ko kuwa bishara na zo kai wa 'yan gudun hijira. Matar da ke gefensa ta sunkuyar da kai, na ukun ya yi dariya. Bai tambaye ni komai a kan lissafi ba, ko ɗaya, alhali kwana huɗu na yi ina bita. Da na fito na zauna a gindin wata bishiyar dalbejiya kusa da ƙofa, na kasa ko kiran yayata, domin ban san da wane baki zan gaya mata cewa kuɗinta ya tafi a kan dariya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da ya ja ni gefe ya ce ƙungiyarsu tana aiki cikin mutanen da aka kashe musu 'yan'uwa da sunan addini, saboda haka ba ta son ma'aikaci ya shigo da tutar addininsa, da na gode masa, domin maganar gaskiya ce. Amma ya zaɓi ya nuna wa abokan aikinsa cewa shi ba ya nuna son kai ga ɗan addininsa, ni kuwa na zama abin da ya wanke kansa da shi. Na yafe masa a baki sau da yawa, amma duk sa'ad da na hango shi a wani taron ikilisiya, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ka lura da wani abu da ni ban lura da shi ba a lokacin: a nan arewa sunanka ya riga ya faɗi addininka kafin ka buɗe baki. Wanda ya ga Bitrus ko Yohanna ko Pierre a kan takarda ba ya bukatar a sake sanar da shi. Saboda haka ba ɓoye bangaskiyarka kake yi ba in ka bar ta daga CV, kuma kada wani ya tsorata ka da cewa ka yi musun Almasihu. Kalmar "mai amana" kuwa kowa yana rubuta ta, har ɓarawo.

Amma shugabancin matasan nan kada ka yar da shi, ka rubuta shi a matsayin aiki. Ni shekara huɗu na yi ina ma'ajin ikilisiyarmu, ina ƙirga baiko, ina riƙe littafin shige da fice, ina ba da rahoto a gaban dattawa kowane wata uku, amma wauta ta sa ban ambaci ko ɗaya ba, na tsaya kan aya. Ka faɗi matasa nawa ka jagoranta, taro nawa ka shirya, kuɗi nawa suka bi ta hannunka, da wanda zai iya ba da shaida a kanka. In kuwa makarantar mishan ce ko asibitin ikilisiya, irin na ikilisiyar Lutheran ta Kamaru (EELC) a Ngawundare ko na Katolika, nan ka faɗi komai a fili, ka haɗa da takardar shaida daga fastonka, domin sau da yawa su da kansu ke nema. In konkur ne, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ka kai abin da aka lissafa kawai. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce ƙasar ba ta da addinin hukuma. Sashe na 242 na dokar laifuffuka ma ya hana a ƙi ba mutum aiki saboda addininsa, da hukuncin ɗauri daga wata 1 zuwa shekara 2, sai dai wa zai rubuta maka a takarda cewa don addini ya ƙi ka? Ni dai ban iya kai ƙarar dariya ba.

Batun Lahadi kuma, kada ka sa shi a wasiƙa, ka bari sai an zauna da kai. Dokar ƙwadago ta 1992 ta riga ta ce hutun mako dole ne, aƙalla awa 24, kuma bisa ƙa'ida ranar Lahadi ake yin sa, don haka a ofisoshi da yawa maganar ba za ta ma taso ba. Inda take tasowa shi ne asibiti, otal, gidan mai da aikin gadi, kuma can ka tambayi yadda ake juyin aiki cikin ladabi, kada ka shiga da sharaɗi kamar kai ne mai ɗaukar su.

Wanda ya ɗauke ni daga baya wani Alhaji ne mai sayar da kayan gini a Garwa. Shi ne ya fara tambayata ko ina zuwa coci, gabana ya faɗi, na ce ina zuwa. Sai ya ce madalla, dama yana neman wanda zai riƙe masa shago ranar Juma'a in sun tafi masallaci, Lahadi kuma tawa ce. Wata shida bai bar ni na taɓa akwatin kuɗi ba, yana aiko yaronsa ya sake ƙirga buhunan siminti bayan na ƙirga, abin yana mini zafi ƙwarai, amma na yi shiru. Yanzu makullin sito yana hannuna.

Kafin in manta, kada ka yi saurin karɓo takardar shaidar rashin laifi daga kotu, domin yawanci ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku, ni na yi asarar kuɗin tambur sau biyu a haka. Ka gaya mana wane irin wuri ne kake neman aikin, in na agaji ne a Marwa ka turo mini wasiƙar in duba kafin ka kai.