Malam, na sa fiyano a ƙasidar yabon Annabi (SAW), meye hukuncina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Allah gafarta Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni sha'iri ne a nan Kano, tun ina islamiyya nake bege, da bandiri muke yi a majalisi da maulidi da walimar aure kuma da shi nake riƙe iyalina. Yanzu na fara shiga situdiyo saboda in ba ka sa fiyano ba babu mai tura waƙarka a waya. Sabuwar ƙasidata na buɗe ta da ayar innallaha wa mala'ikatahu yusalluna alan Nabiy, mai kiɗan ya sa mata fiyano a ƙasa a hankali don ta yi daɗi sannan aka shiga amshi. Wani abokina yace duk abin da nake yi haramun ne har begen kansa, kuɗin ma haram nake ciyar da yarana, mai situdiyon kuma yace ai Ibnu Hazmi ya halatta kiɗa kuma hadisin hanin ma bai inganta ba. Wallahi Malam raina ya kasa kwanciya, a taimaka min.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya yi maka albarka, rashin kwanciyar ran nan da kake ji alheri ne, kar ka bari a kashe maka shi da surutu.

Begen kansa babu doguwar magana a kai, abokinka ya wuce gona da iri. Hassanu bin Sabit a cikin masallacin Madina yake rera waƙa, da Sayyidina Umar ya harare shi sai yace ai na yi a nan akwai wanda ya fi ka a ciki. Mu kuma nan da waƙa Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da Nana Asma'u suka shigar da addini ƙauyuka da cikin gidaje, da Ishiriniya da Burda da Imfiraji ta Aliyu Namangi iyayenmu suka tashi. Waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ce mummunarta mummuna.

Amma ni abin da ya tsayar da ni a tambayarka ba shi ka tambaya ba ma, a tsakiyar zance ka faɗe shi ka wuce, wato ayar da aka karanta fiyano na tafiya a ƙarƙashinta. Wannan ita ta canza hukuncin ƙasidar gaba ɗaya. Maganar kayan kiɗa akwai wanda ya saɓa kamar yadda za ka ji, amma ɗora Alƙur'ani a kan kiɗa ko waɗanda suka sassauta a kiɗan ba su kai nan ba. Risala da ake karantawa a kowane zaure ta hana karanta Alƙur'ani da karin da ya yi kama da na waƙa ko babu ganga ko ɗaya, to ina ga an haɗa shi da fiyano don "ya yi daɗi". Malaman Malikiyya har tsintar lafazin aya a saka cikin baiti sun shahara da tsanantawa a kai, Suyuɗi ya faɗi haka a Itƙan. Kuma ka duba inda waƙar take zuwa bayan ta bar hannunka, shagon cajin waya, adaidaita sahu ana cinikin canji ana ashar, ɗakin amarya ana rawa, wata yarinya ta yanki farkonta ta ɗora a TikTok tana juyi, ayar tana tafe da ita duk inda ta je kuma muryarka ce. Ban ce ka yi izgili ba, na san son Annabi ne ya sa ka buɗe da ita kuma wanda bai nufi wulaƙanci ba ba a yi masa hukuncin mai wulaƙanci, amma yanzu ka sani. Ka koma situdiyon yau ba gobe ba a yanke wurin, ka sauke wacce ka ɗora, ka gaya wa masu bibiyarka dalili a fili don wanda yake da tsohuwar ya goge, ka yi istigfari. In kana son buɗewa da ayar a majalisi a karanta ta da tajwidi kowa ya yi shiru, a yi salati, sannan a ɗauki bandiri.

Sai fiyano da maganar mai situdiyo. Gaskiya ne Ibnu Hazmi, malamin Andalus da ya rasu shekara ta 456 bayan hijira, ya tafi a kan halacci a littafinsa Muhalla, bai yi masa ƙarya ba. Amma tunda da ingancin hadisi ya kafa hujja to bari mu tsaya a nan sosai, don wannan maganar ta zama abin da kowane mai kibod yake riƙe da shi ba tare da ya san me aka ce a kanta ba. Hadisin yana cikin Bukhari a littafin abubuwan sha, Annabi (SAW) yace za a samu wasu mutane daga al'ummata suna halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibnu Hazmi yace sanadin, wato jerin waɗanda suka ruwaito hadisin, a yanke yake saboda Bukhari cewa ya yi "Hishamu bin Ammar yace", bai ce ya ba ni labari ba. To Hishamun nan malamin Bukhari ne, sun haɗu, ya ji daga bakinsa, a wasu wurare na Sahihin ma ya ruwaito daga gare shi da lafazin ji kai tsaye, kuma ba a san Bukhari da ɓoye mutum a sanadi ba, in irinsa yace malamina yace to ya ji ne. Ko mun ajiye Bukhari gefe, Ibnu Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi da Isma'ili duk sun kawo shi da sanadi a haɗe ta hannun wasu almajiran Hishamu, Ibnu Hajar ya tattaro hanyoyin, Ibnus Salah tun kafinsa yace kar a waiwayi maganar Ibnu Hazmi a wannan hadisin. Ibnu Hazmi ya kuma ce mai ruwaya ya yi shakka tsakanin Abu Amir da Abu Malik, to duka biyun sahabbai ne, ko wanne ne a ciki hadisin bai girgiza ba. Abin da masu jingina da shi ba sa faɗa kuma shi ne shi kansa ya rantse a Muhalla cewa da hadisi ɗaya ya inganta a wurinsa a wannan babin da bai yi jinkirin riƙo da shi ba, ka ga mutumin mai gaskiya ne, bai tabbata a wurinsa ba ne kawai, ya kuma tabbata a wurin waɗanda hadisi ne fanninsu.

Wasu in an toshe nan sai su ce to ai hadisin yana zargin wanda ya haɗa huɗun ne a zama ɗaya, kiɗa shi kaɗai bai shiga ba. Da haka ne da zina ma sai an haɗa ta da giya da alhariri take zama laifi, kuma babu mai faɗar haka. Sannan ba a zargin mutum da cewa ya halatta abu sai in dama abin ba halal ba ne. Wasu kuma Gazali suke kira, su je su buɗe Ihya, ya yarda da waƙa da murya mai daɗi da tambari irin bandiri amma ya cire kayan tsirkiya da na busa. Imamu Malik da aka tambaye shi kan waƙe-waƙen kiɗa da wasu 'yan Madina suka sassauta a kai cewa ya yi fasiƙai ne suke yin haka a wurinmu. Maganar wai ba fiyano ba ne kwamfuta ce ba ta da nauyi, sautin da ya shiga kunne shi ake yi wa hukunci. Maganar kuma ai yabon Annabi ne niyya ta gyara, niyya tana mayar da halal ibada amma ba ta wanke abin da aka hana, kamar mai zuba zamzam ne a tulun giya, tulun bai tsarkaka ba ruwan ne ya ɓaci. Don haka abin da nake ba ka fatawa da shi, wanda shi ne na mazhabobi huɗu a mashhurin zance, ka bar fiyano. Ban ce ka fita kana kiran abokan sana'arka fasiƙai ba, akwai malamai na da da na yanzu da suka bi Ibnu Hazmi, wanda ya bi su da gaskiya tsakaninsa da Allah, amma kai ka tambaya kuma ranka tun farko bai yarda ba.

Bandiri a walima da idi da taron farin ciki babu laifi, Muktasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Khalil, ya ambaci halaccin irinsa a walimar aure ko ga namiji. Buga shi cikin masallaci wata mas'ala ce daban da malaman Kano suka daɗe suna ja-in-ja a kai, ba ita ka tambaya ba.

Kuɗin da kake samu a majalisi da walima halal ne ka ci ka ciyar da yaranka hankali kwance. Wanda ka riga ka samu ta waƙoƙin fiyano kana zaton ya halatta saboda abin da aka gaya maka, ka tuba ka yi sadaka gwargwadon ikonka, ban ɗora maka lissafin da zai sa gidanka kwana da yunwa ba. Na san tsoronka kasuwa ce, za ka ga waɗanda kuka fara tare sun wuce ka a waya na ɗan lokaci kuma zai yi ciwo, shi ya sa nake so ka riƙe wata sana'ar a gefe ko ɗinki ne ko tireda, sha'irin da cikinsa ya dogara kacokan a kan liƙi wata rana mai liƙin ne zai riƙa zaɓa masa abin da zai faɗa, sai ka ji ana tsakiyar ambaton Ma'aiki an karkata ana kirarin wani alhaji ko ɗan siyasa da baitin da ya fi na Annabin tsawo.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanku sha'irai ma ba kiɗan ba ne, baitocin ne. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labari a Bukhari cewa washegarin aurenta Annabi (SAW) ya shigo ya zauna, 'yan mata suna buga bandirinsu suna waƙar iyayen da suka yi shahada a Badar, sai ɗaya tace a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe, nan take yace mata bar wannan ki koma abin da kike faɗa da. Bai karɓe abin bugun ba, bai kori yaran ba, baiti ɗaya ya tsayar, kuma baitin yabonsa ne. Ƙafiya tana jan mutum, shauƙi ya ɗebe ka taro na ihu ana zuba kuɗi sai ka faɗi kalmar da in aka rubuta maka ita a takarda da safe kai kanka za ka firgita, kuma ka ga abin da irin wannan ya jawo a garin nan. Ka samu malami masanin tauhidi da larabci wanda ba ya jin kunyarka, duk ƙasida ka karanta masa kafin a ɗauka, abin da yace cire ka cire ko da shi ne baitin da ka fi so. Ka bar aro karin waƙoƙin soyayya na finafinan Indiya, mai sauraro bakinsa na salati zuciyarsa na kallon fim. In da 'yan amshi mata kar ku keɓe a situdiyo da dare ƙofa a rufe. Majalisin da zai kai ku ƙarfe uku na dare asuba ta wuce ku kuna barci a rage shi, wanda kuke yabo sanyin idonsa a salla yake.

Abokin naka kuma kar ka yi masa habaici a waƙa kamar yadda wasunku suke yi, ka je ka same shi ka gaya masa inda ya yi daidai da inda ya yi kuskure, ka ce ya taya ka da addu'a Allah ya buɗa maka ta hanyar da babu shubuha. Wallahu a'alam.